Hoton Idon Ɗiyar Fari

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina ɗaukar hoto a Gwandu. Babu irin wanda ban ɗauka ba. Na ɗauki amare, na ɗauki 'yan makaranta masu neman fasfo, na ɗauki alhazai kafin su tafi da bayan sun dawo suna yaƙe baki don a ga haƙorin Makka. Har wani mutum na taɓa ɗauka da ragonsa, ya ce ragon ya fi 'ya'yansa jin magana. Sai waya ta zo. Yanzu kowane shashasha yana da kyamara a aljihu, ya murguɗa baki ya ɗauki kansa da kansa, ni kuma ina zaune bakin shago ina korar ƙuda. Sana'ar ta tafi ta bar mini suna, Mai hoto, kamar wanda aka sace wa babur aka bar masa hular kwano.

A duk shekarun nan mutum ɗaya ne ban taɓa ɗauka ba. Ɗiyata ta fari.

Sai na yi bayani, don 'yan yanzu ba za su gane ba. Mu a gidanmu Fulani ne, wai. Saniya ko ɗaya ba mu da ita, Fulatanci kuwa kakata ta tafi da shi kabari. Abin da ya rage mana na gado dogon hanci ne da kunya, kuma babbar kunya ita ce ta ɗan fari. Ba ka kiran sunansa. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane. Ba ka kallonsa ido cikin ido. In an tambaye ka ko naka ne, ka dubi ƙasa ka ce na gidanmu ne. Haka ubana ya yi wa yayata, har ya koma ga Allah bai taɓa furta sunanta ba. A wajen zaman makoki dattawa suka yi ta yabonsa da wannan, kai ka ce masallaci ya gina.

Ni shekara goma sha biyu muka yi da matata babu haihuwa. Na sha saiwa, na sha rubutu, na sha maganganun mutane. Da Allah ya kawo yarinyar ina da shekara arba'in, ji nake kamar in hau katanga in yi ta ihu. Me na yi? Na tafi shago na zauna na ɗaure fuska, kamar an kawo mini sammaci. Ranar suna na ɗauki hoton kowa, har mahaucin da ya feɗe rago, ban da jaririyar da uwarta. Da aka yaye ta, Yaya ta zo daga Diggi, can ƙasar Kalgo inda ta yi aure, ta goye ta ta tafi. Haka ake yi. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni cewa zan yi a tafi da ita.

Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ne ƙarami. Har yau da furfurata Auta take ce mini. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ita da yarinyar ke zaune cikin dangin mijin. Yarinyar ta tashi tana ce mata Inna. Ni kuwa in na je da salla, Mai hoto take ce mini kamar kowa. Sai in miƙa wa Yaya ledar alewa in ce a ba yaran gida. Yaran gidan ita kaɗai ce.

Tana da shekara shida abin ya faru. Damina ce, shinkafa ta rufe fadama, sauro ya yi ƙiba. Da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Auta, kana ina?"

"Shago mana, Yaya. Ina ni ka zuwa?"

"To ka taho Kalgo. Muna asibiti."

"Wa ye ba lahiya?"

"Mutuniyar." Ita ma ba ta kiran sunan a gabana, don kada ta ba ni kunya. "Kwana ukku tana masassara. Yau da sahe ta sanƙare, ta yi ta jijjiga. Yanzu ko an kira ta ba ta amsawa."

Na shiga gida na ɗauko babbar rigata shuɗiya, wadda nake zuwa ɗaurin aure da ita. Talaka in zai je asibiti yana son a ɗauke shi mutum. Matata na tsakar gida tana tankaɗe. Na ce zan tafi Kalgo, Yaya na nemana. Ba ta tambaye ni kome ba, don ita ma kunyar ta ɗaure mata baki. Rariyar dai ta tsaya cak a hannunta. Kafin in gama sa riga ta riga ni zaure, ta rataya leda a kan babur ta koma. Zane ne a ciki, da wata 'yar riga da ta ɗinka tun kafin salla ta rasa yadda za ta aika ba a gane ba.

Na bi ta Birnin Kebbi. Ruwa ya taɓa ni a hanya, na cire babbar rigar na cusa a leda, sai da na iso ƙofar asibitin na mayar. Ƙaramin asibiti ne, ɗakin kwanciya ɗaya, ɗakin haihuwa ɗaya. Tun daga bakin ƙofa na ji warin albasa.

Mu mutanen yankin nan albasa ce dukiyarmu, ita ce kuma likitanmu. Yaro ya yi jijjiga, a matse masa albasa a ido, wai in yajin ya shiga zai farfaɗo. Yaya guda biyu ta matse mata kafin su nemi mota. Da albasa na ta da wanda ya suma, da ba a haƙa kabari ko ɗaya a Aliero, garin albasa, ba. Amma je ka faɗa wa Yaya haka.

Yarinyar na kwance a gadon da ke jikin taga, an sa mata ƙarin ruwa. Idanunta sun kumbura, tozali ya gangaro mata har kumatu. Kallo ɗaya na yi mata na kawar da kai, kamar yadda na saba. Yaya na zaune a tabarma tare da mata biyu na dangin mijinta. Na durƙusa na shiga gaisuwa. Ya gida, ya damina, ya mai jiki, ya muka ji da haƙuri. Na gaida majinyatan sauran gadajen ɗaya bayan ɗaya. Ɗiyata na kwance ba ta san inda take ba, ni ina tambayar wata tsohuwa ya ƙafarta.

Ina cikin haka nas ta shigo. Yarinya ce a wajena, ba za ta wuce talatin ba, daga jin Hausarta 'yar wajen Zuru ce. Ita kaɗai ke kai da kawowa a asibitin ranar. Tana riƙe da takarda da biro. Ta dube ni da babbar rigata ta ce, "Malam, kai ne uban yarinyar?"

Ga Yaya. Ga matan nan biyu. Ga majinyata duk sun zubo mini ido. Bakina ya amsa tun kaina bai yi shawara ba.

"Ɗiyatta ce," na nuna Yaya da haɓa. "Ni dubiya na zo."

"Ita ta ce ba ita ta haife ta ba. Ta ce uban na hanya daga Gwandu."

Na dubi ƙasa na ce, "To, Allah ya kawo shi lahiya."

Wallahi haka na ce. Ɗaya daga cikin matan ta gyaɗa kai, ta ce wa 'yar'uwarta a hankali, "Ɗan gidan mutunci." Yaya ta kau da kai. Ba za ta tona ni a gaban surukai ba, kuma na ga alamar har daɗi ta ji, tarbiyyar gidanmu ta fito a bainar jama'a. Nas ta ce in uban ya iso a kira ta. Aka ƙwala mata kira daga ɗakin haihuwa, ta shige ta rufe ƙofa.

Na matsa kusa da Yaya. "Mi ta ka nema ga uban?"

"Wai hoton ido za su ɗauka, sai an sa hannu ga takarda. Kuma sai sun ɗiga mata wani magani ciki. Ni na ce ba ni sa hannu a ɗiga ma ɗiyar mutane abu ga ido. In ta makance mi zan ce maka?"

"Ke da kika matse mata albasa biyu?"

"Albasa abinci ce, Auta."

Da na ji hoto ne sai raina ya ƙara ɓaci. Hoton ido! Wato abin da ya rage waya ba ta ƙwace mini ba, shi ne aka biyo ni da shi har gadon asibiti. Na ɗauka irin abin nan ne na masu zuwa da farar mota, su ɗauki marasa lafiya su tafi su nuna a taro. Allura dai an yi mata, ruwa na shiga, mene ne na gaggawa? Na fita na zauna gindin dogonyaro. Dabarata ita ce in nas ta fito in tare ta a baranda, inda ba kowa, in faɗa mata a kunne. Na zauna ina tsara yadda zan ce. Na sayi gyaɗa ma. Na rubuta wannan don kada wani ya ce na gyara labarin: gyaɗa na saya, kuma na ci.

Kusan sa'a guda ina nan zaune. Sai na ji salatin Yaya.

Ban san lokacin da na isa ɗakin ba. Jijjigar ta dawo. Bayan yarinyar ya lanƙwashe, haƙoranta sun datse, gadon ƙarfen na ta ƙara. Yaya ta fara laluben gefen zanenta, na san albasa ta uku take nema, na riƙe mata hannu. Nas ta fito a guje da safar hannu, ta juya yarinyar gefe, ta yi mata wata allura. Da jikin ya saki sai ta miƙe ta juyo kanmu.

"Wai ina uban nan? Daga Gwandu yake tahowa ko daga Makka?"

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ci gaba.

"To ku saurara, ko wani zai kira shi ya faɗa masa. Mun soki yatsanta, ya nuna zazzaɓin cizon sauro, mun fara allura. Amma da damina a garin nan ko kai na soka, Malam, zai nuna. Abin da ban sani ba shi ne, zazzaɓin ne ya hau mata kai, ko wani abu ne daban kamar sanƙarau ya ɓuya a bayansa. Can cikin ido ake ganewa. In zazzaɓin ne, yana barin alama a wurin, mu ci gaba da allura a nan, kada mu wahalar da ita a hanya. In idon fes yake, yanzu yanzu sai an tafi da ita Birnin Kebbi a ɗebi ruwan bayanta. Na'urar sabuwa ce a nan, gwada ta ake yi, ba ni da ikon sa ta a idon yaro sai uba ko mai riƙo ya yarda. Mai riƙo ta ƙi. Da tun ɗazu mun san inda muka dosa."

Na tuna gyaɗar da na zauna na ci. Na ce, ƙasa ƙasa, kamar wanda aka kama da akuyar mutane, "Ni ne."

"Kai ne me?"

"Uban."

"Ban ji ba, Malam."

Har yau ina zargin ta ji. Na ɗaga murya na ce, "Ni na haihe ta! Ɗiyata ce!"

Matar da ta kira ni ɗan gidan mutunci ta rufe baki da mayafi ta ce subhanallahi, kamar na tuɓe wando. Nas ta dube ni daga hula har takalmi.

"Na san al'adar nan," ta ce. "Ina ganinta kullum. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi wa kansa addu'ar isowa lafiya ba. Sa hannu nan. Sunanta?"

Na ce ta ba ni biron. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, kuma ban taɓa ganin ranarsa ba sai ranar. Na rubuta sunan da hannuna don kada in faɗa. Ka ga har a lokacin ban daddara ba.

Ta wanke idanun da ruwa mai tsabta, tana wankewa tana tsaki, Yaya na kallon rufi. Ta ɗiga maganin. Ta ce sai an jira baƙin idon ya buɗe, kamar minti ashirin ko fiye. Muka tsaya. Ba wanda ya ce mini da an ɗiga tun zuwana da yanzu an gama. Ba sai an ce ba.

Da ta ɗauko na'urar sai da na kusa dariya. Wani abu ne kamar tocila mai bakin roba, an maƙala waya a bayansa. Kyamarata ta farko ta fi shi nauyi sau goma. Na ce, "Wanga abu ne?" Ta ce shi ne. Ta ce a da sai likitan ido da babban injinsa ke iya leƙa wurin, wannan kuwa an yi shi da araha don ƙananan asibitoci. Na ce lalle, araha ce ta kawo shi Kalgo, da mai tsada ne sai dai mu ji labarinsa a rediyo.

Ta gwada, wayar ta ƙi karɓa. Ta sake, ta ƙi. Na leƙa ta bayan kafaɗarta, fari fat, kamar an ɗauki hoton bango. Fatar idon ta kumbura saboda albasa, hawaye na zuba, ƙwayar idon na yawo, ga taga babu labule rana ta fito bayan ruwa tana dukan fuskar yarinyar. Nas ta fara gumi. Daga ɗakin haihuwa wata na ƙwala mata kira. Ta gwada na uku, ya fi na baya muni.

Ni mutum ne mai iya haƙuri da abubuwa da yawa, amma ba na iya tsayawa ina kallo ana ɓata hoto.

"Malama, haske ke ɓata miki. Ga taga nan. Kuma kin bar hannunki a iska, dole ya yi rawa. Dafa ƙaramin yatsanki ga goshinta."

"Likita ne kai?"

"Mai hoto ne."

Ta ce, "To matso."

Maigidan da ya koya mini sana'a da kyamarar akwati ya fara, mai ƙafa uku, wadda ake shiga cikin baƙin ƙyalle. Na tuɓe babbar rigar na yafa mana, ni da nas da yarinyar. Duhu ya rufe mu, sai hasken wayar kawai. Zafi, warin albasa, warin magani. Na sa tafin hannuna biyu na tallabe kanta, na ɗaga fatar idon da babban yatsa.

Kan zafi rau kamar tukunya. Tun da aka haife ta ban taɓa taɓa fuskarta ba sai ranar. Girar uwata ce da ita, sak. Ga wani ɗan tabo a gefen goshi, tsoho, ya warke tuntuni. Me ya ji mata? Yaushe? Ta yi kuka? Ban sani ba. Na san tabon fuskar rabin mutanen Gwandu, don ni ke goge su a hoto in an roƙe ni.

Ƙwayar idon ta ƙi tsayawa, tana tafiya dama tana dawowa hagu.

"Yi mata magana," in ji nas. "Wani lokaci suna ji. Kira sunanta."

Na ce a raina, cikin riga muke, ba mai ganina. Na buɗe baki sunan ya maƙale. Shekara shida yana ajiye, ya yi tsatsa. Na sake gwadawa ya fito, wani iri, kamar muryar wani. Na sake kira. Sannan, don ban san me uba ke cewa ba, na faɗi abin da na saba faɗa wa kowa: "Kalli nan. Kada ki motsa."

Idon ya tsaya. Daga baya nas ta ce dace ne kawai, ni kuma ban tambaye ta ba. Na ce, "Yanzu!" Ta danna. Muka koma ɗaya idon, na sake kira, ta sake dannawa.

Da muka yaye rigar na ga Yaya da matan nan sun zuba mini ido. Ashe babbar riga haske take tarewa, ba ta tare murya.

"Auta," in ji Yaya, "mun ji hwa."

"Ku ji."

Nas ta juyo mini da wayar. Wani abu ne zagayayye, ja-ja, kamar rana in ta kusa faɗuwa, da jijiyoyi sun rarrabu a cikinsa kamar hanyoyin ruwa a fadama. Ta nuna mini da bakin biro. Ga wasu wurare sun yi fari fari kamar an barbaɗa kanwa. Ga ɗigon jini nan da can, wasu da ɗan fari a tsakiya. Wayar ta rubuta wani abu da Turanci. Nas ta karanta, ta sake duban hoton da kanta, ta tura wa wani likita, ya kira ta suka yi magana. Ta ce alamar ta fito sarai, zazzaɓin ne ya hau kai. Ba inda za mu. Allura za a ci gaba da yi, a yi ta lura da ita, sauran kuma na Allah ne.

Na tsaya ina kallon hoton. Maganar gaskiya ya fita, babu inda ya yi hazo. Wannan shi ne hoton ɗiyata na farko da na sa hannu a ciki, kuma ko fuskarta babu.

Kwana biyu na yi a barandar asibitin ina ciyar da sauron Kalgo, don su ma su san ba gaba nake da su ba. Matata ta kira ni. Ta ce, "Ya mutanen Kalgo?" Haka za ta tambaya, ba ta da wata hanya. Na kira mata sunan ɗiyarta, na ce tana numfashi, an gano ciwon, ana yi mata allura. Can ta ce, "An sa mata rigar?" Na ce sai ta tashi. Ta ce, "In ta yi mata yawa a kama ta baya."

Rana ta uku da safe ina zaune a bakin gadon, don zuwa lokacin na daina zaman gindin bishiya, sai ta buɗe ido. Jajaye har lokacin, aikin albasa. Ta ce ruwa. Yaya ta fashe da kuka tana hamdala tana zubar da rabin ruwan a kan zane. Na bari ta sha. Sannan a gaban Yaya da majinyata da tsohuwa mai ciwon ƙafa na kira sunanta.

Ta juyo ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sai ta koma wajen Yaya ta ja mata mayafi.

"Inna," ta ce, "Mai hoto ya san sunana."

Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi, don ban ga abin da ya rage in yi ba.

Ta tashi, amma ƙafarta ta hagu ta ɗan riƙa ja, har yau in ta gaji ana ganewa. Kafin a sallame mu na tare nas a baranda, wannan karon da gaske, na tambaye ta ko sa'ar nan da na ɓata ce ta jawo. Ta ce a'a, an fara allura tun kafin in iso, ciwon ne ke barin haka wani lokaci. Sai ta ƙara da cewa da sanƙarau ne da maganar ta sha bamban. Ba ta iya ƙarya don a ji daɗi ba, yarinyar nan, shi ya sa na yarda da rabin farko. Amma duk lokacin da na ga ƙafar nan tana jan ƙasa, gyaɗa nake tunawa. Na daina cinta.

Na roƙi nas ta tura mini hoton a wayata, ta ce tunda ni ne uba, kuma yanzu duk Kalgo ta shaida, babu laifi. Na wanke shi babba na manna a shago, tsakanin wata amarya da mutumin nan mai rago. Masu zuwa fasfo sukan tambaya, wannan lemo ne ko wata? Sai in ce ɗiyata ce, in faɗi sunanta. Labari ya riga ni isowa Gwandu. Dattawan unguwarmu suka ce na bar kunyata a Kalgo, wani ma ya ce ubana na kabari yana jin abin da nake yi. Na ce in yana ji, a gaishe shi, a kuma tambaye shi ko ya tuna sunan Yaya.

Sunan dai ba zan rubuta shi nan ba. Wannan ba kunya ba ce, nata ne, ba na masu karatu ba.

Da babbar salla suka zo Gwandu. Na tsayar da ita gaban labulen shago mai zanen benaye, cikin rigar da uwarta ta ɗinka, an kama ta baya. Na ce kalli nan, kada ki motsa. Ta ce, "To, Mai hoto." Na ɗauka har sau huɗu, duk sun fita.

Da za su koma Diggi na raka su tasha. Na ja Yaya gefe na ce ya kamata ta fara koya wa yarinyar nan ta riƙa ce mini Baba. Yaya ta gyara ƙullin kayanta, ta dube ni kamar yadda take dubana tun ina yawo ba wando.

"Shekara shidda ka yi kana koya mata wancan, Auta," ta ce. "Sai ka jira shidda."